Masu manhajar bashi sun ce za su tura hotona ga surukata, kuma maigidana bai sani ba

Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce a Gwammaja, 'ya'yana uku. Ina sana'ar atamfa da leshi, ina sarowa a Kantin Kwari in ɗora a waya. Kafin Babbar Sallah mutane suka kwashi kaya bashi, zubin adashi ya zo ba ni da shi, sai wata ƙawata ta turo min wata manhajar bashi ta WhatsApp. Na nemi N50,000, amma N36,000 suka shigo, aka ce in biya N54,000 cikin kwana bakwai. Da na kasa sai na ci a wata na biya wannan, yanzu guda huɗu ke bina. Duk abin da ya shigo hannuna N140,000 ne, na biya N95,000, amma wai saura N260,000. Sun tura wa ƙanwata da malamar Islamiyyar yarana hotona da jan rubutu wai ɓarauniya ce ake nema. Sun ce wa yayana shi ya tsaya min, shi zai biya. Jiya wani ya kira ya ce shi lauya ne, ya turo takarda da tambarin 'yan sanda, wai za a rufe BVN ɗina a kama ni, amma in na tura N80,000 asusunsa kafin Juma'a zai goge komai. In ban tura ba, maigidana da mahaifiyarsa ne na gaba. Maigidana bai san komai ba. Ba na barci, har na fara cewa da ma mutuwa ta zo in huta. Anti, in sayar da sarƙata in tura masa?

Baiwar Allah, Gwammaja

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Kada ki tura masa ko kwabo, kuma ki mayar da sarƙarki inda take tukuna.

Kafin mu shiga maganar kuɗi, bari in tsaya a kan abin da kika ce game da mutuwa, don shi ya fi tayar min da hankali a duk wasiƙarki. Tsoro da rashin barci ne suka kai ki nan, kuma da gangan aka jefa ki cikinsu. Yau ɗin nan, kafin dare, ki kira ƙanwarki, tunda ta riga ta ga hoton, ki gaya mata yadda zuciyarki take ba tare da ragewa ba. In tunanin ya ci gaba da dawo miki, ki je ki ga likita, ki faɗa masa da bakinki. Akwai sashen kula da irin wannan a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, akwai kuma asibitin Dawanau. Yara uku suna jiran ki kowace safiya. Bashin nan ana iya biyansa, kuma in sha Allahu za a biya.

To, mutumin da ya ce shi lauya ne. Ki lura da abin da ya nema: kuɗi a asusunsa na kansa, kafin ranar da shi ya yanka, da alkawarin baki. Wannan tsohuwar dabara ce a wajen masu karɓar bashin manhaja. Yawancinsu ma'aikata ne da aka zaunar gaban waya da jerin sunaye, aka ɗora musu adadin da za su karɓo, kuma wani a cikinsu yakan yi wa kansa hanya: ya karɓi kuɗinki a aljihunsa, bashin kuma yana nan a littafin kamfani kamar ba ki taɓa biyan komai ba. Ranar Asabar wata murya za ta kira ki da sabon lissafi, in kika ce kin biya wane, a ce ba a san shi ba. Wani lokacin ma mai kiran ba ma'aikacinsu ba ne, ɗan damfara ne da bayananki suka faɗa hannunsa. Ko wanne ne shi, N80,000 ɗinki sun tafi, kuma kin sanar da su cewa in aka matsa miki kuɗi na fitowa.

Takardar da ya turo ki sake buɗe ta da rana, hankalinki kwance. Ki nemi sunan kotu, da lambar ƙara, da ranar zama. Ina da yaƙinin ba za ki samu ba, sai tambari da aka kwafo daga intanet da manyan kalmomin tsoratarwa. Sammacin gaskiya daga kotu yake fitowa, masinjan kotu ke kawo shi, ko da kuwa alƙali ya ba da izinin a aika ta waya, yana ɗauke da waɗannan abubuwan, kuma kina iya zuwa kotun da kanki ki tambaya. Shi kuma sammaci gayyata ce ki zo ki faɗi naki bayanin.

Game da kamu, doka ta yi magana a fili. Dokar 'Yan Sanda ta 2020, sashe na 32, ta hana a kama mutum don kawai ya kasa cika yarjejeniya, kuma kasa biyan bashi yana cikin wannan. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta tarayya ta 2015 ta faɗi haka a sashe na 8, ta kuma hana a kama wani a madadin wani, ma'ana ba mai taɓa maigidanki ko yayanki saboda ke. Kotuna sun sha nanata cewa karɓar bashi ba aikin 'yan sanda ba ne, ba na EFCC ba ne. Na san a garin nan ana samun mai bin bashi ya je caji ofis ya ɗauko ɗan sanda, amma yin hakan saɓa doka ne, kuma wanda aka yi wa yana da damar kai ƙara. Inda magana take canjawa shi ne in mutum ya ci bashin da sunan ƙarya ko da BVN ɗin wani, ko ya ba da cek alhali ya san babu kuɗi a asusun. Wannan ya zama laifi. Ke da sunanki da hotonki kika karɓa, har kin biya wani ɓangare.

BVN kuwa ba a hannunsu yake ba, ba su da ikon rufe shi. Sai dai ba zan ɓoye miki abin da yake gaskiya a cikin barazanar ba. Kamfanin da yake da rajista yana iya kai sunanki ga hukumomin da ke ajiye tarihin masu cin bashi, irin su CRC da FirstCentral, kuma hakan zai iya hana ki samun bashin banki nan gaba har sai kin warware. Yana kuma iya kai ki kotu ya nemi kuɗinsa.  Sannan in kin shigar da lambobin katin ATM ɗinki a manhajar, suna iya zarar kuɗi da zarar kuɗin sun shigo asusunki. Ki je bankinki gobe ki sa a rufe wannan katin a ba ki sabo, don kuɗin kayan mutane da ke shigowa asusunki kada su ɓace da tsakar dare, ke kuma ki riƙa biya da hannunki, da sanin abin da kika biya.

Yayanki ki kwantar masa da hankali. Ba a zama mai tsaya wa wani a bashi sai da yardar mutum da sa hannunsa. Samun lambarsa a wayarki bai ɗora masa ko sisi ba. In sun sake kira ya ce bai tsaya wa kowa ba, kuma yana naɗar muryar, ya kashe.

Yadda lambarsa ta kai gare su shi ne tushen sana'ar tasu. Ranar da kika sauke manhajar ta tambaye ki izinin shiga lambobin wayarki da hotunanki da saƙonninki, kika danna amincewa kamar yadda kowa ke yi, don in ba ki danna ba kuɗin ba za su fito ba. A wannan minti aka kwashe komai. Shi ya sa ba su nemi jingina ba, ba su tambayi ribar da kike samu a turmin atamfa ba, ba su damu ko za ki iya biya ba. Sun san mace a Kano za ta iya sayar da gadon ɗakinta don kada surukarta ta ji an kira ta ɓarauniya. Ki duba lissafin farko: N18,000 a kan N36,000, rabin kuɗin ke nan cikin mako guda. Babu atamfar da ke kawo wannan ribar. An shirya bashin ne yadda za ki kasa, ki koma ga manhaja ta biyu da ta uku, kuma ba abin mamaki ba ne a samu manhajoji da dama masu suna daban-daban a hannun mutane ɗaya.

Abin da suka yi da hotonki laifi ne, kuma hukumomi sun san da shi. A watan Agustan 2021 hukumar bunƙasa fasahar sadarwa ta ƙasa, NITDA, ta ci tarar kamfanin Soko Lending Naira miliyan 10 a kan irin wannan tura saƙo ga mutanen da ke wayar mai bashi. A watan Maris na 2022 hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, FCCPC, ta kai samame ofisoshin wasu masu manhajar bashi a Legas, daga baya a shekarar ta wajabta musu rajista, kuma tana wallafa sunayen waɗanda ta amince da su a shafinta na intanet. Daga ƙarshen watan Mayun 2023 Google ya hana manhajojin bashi da ke Play Store shiga lambobi da hotunan mutane. Wannan ne ya sa da yawansu suka koma yawo ta WhatsApp, kamar wadda ƙawarki ta turo miki. A watan Yunin 2023 aka sa hannu a dokar kare bayanan jama'a, wadda ta kafa hukumar kare bayanai, NDPC. Duka biyun, FCCPC da NDPC, suna karɓar ƙorafi ta shafukansu.

Saboda haka kada ki goge komai cikin fushi. Ki ɗauki hoton kowane saƙo yadda lamba da rana za su fito, ki karɓi wanda aka tura wa ƙanwarki da malama da yayanki, ki ɗauki hoton shafin kowace manhaja inda aka nuna abin da aka ba ki da abin da ake nema, ki karɓo bayanin shige da ficen asusunki daga banki. Bayan nan ki shiga saitin wayar ki janye duk izinin da kika ba su. Abin da suka riga suka kwasa ba zai dawo ba, amma ƙofar ta rufu. Sai ki shigar da ƙorafi. Ba zan ce miki gobe za a kama su ba, hukuma tana da nata jinkirin, amma da irin waɗannan ƙorafe-ƙorafen ake cire manhaja a rufe asusunta, kuma mai kira yakan sassauta murya in ya ji kin ambaci cewa kin kai ƙara. In kina son lauya kuma babu hali, akwai Hukumar Ba da Agajin Shari'a ta tarayya, akwai ƙungiyar mata lauyoyi ta FIDA, duk suna da ofis a Kano.

Yanzu ga maganar da na san ba kya son ji. Ki gaya wa maigidanki, kuma kafin Juma'a.

Duk ƙarfin mutanen nan a kanki abu ɗaya ne: akwai abin da kika ɓoye, su kuma suna da lambar wanda kika ɓoye wa. Muddin haka take, duk abin da kika biya somin-taɓi ne. Ranar da ya ji daga bakinki, ba su da sauran abin sayar miki. Kuma ki auna da kyau: zai ji, ko ta wace hanya. Ko dai ya ji daga matarsa a ɗakinsa, ko ya ji a kasuwa ko wajen aiki, abokinsa ya miƙo masa waya da hoton uwar 'ya'yansa da jan rubutu, ko mahaifiyarsa ta kira shi tana tambayar abin da shi kansa bai sani ba. Na biyun ne yake karya aure, don a nan abin da zai ƙona shi ba kuɗin ba ne, cewa kowa ya sani ban da shi ne. Ranar wanka ba a ɓoyon cibiya, ƙanwata.

Kada ki tare shi a bakin ƙofa ya dawo a gajiye. Ki bari ya ci abinci, yara sun kwanta. Ki zo da takarda ɗaya da kika rubuta komai a kai: abin da kika karɓa a kowace manhaja, abin da kika biya, abin da suke nema, da abin da kike bin mutane. Ki fara da cewa kin yi kuskure kin ɓoye masa, kina neman afuwarsa, sannan ki miƙa masa takardar da wayar ya gani da idonsa. Kada ki rage lamba don ki sauƙaƙa, kada ki ce biyu ne alhali huɗu ne, domin in sauran suka fito daga baya yardar da ta rage ita ma za ta tafi. Zai yi fushi, wataƙila ya yi kwanaki ba ya sakin fuska, kuma yana da hujja. Ki haƙura da wannan. Ke kika san halin mijinki. In kina tsoron hannu ko saurin furta saki, kada ki yi maganar ke kaɗai. Tunda yayanki ya riga ya sani, ya zo gidan, ko wata gwaggo da maigidan yake jin nauyinta. Maganar Hajiya mahaifiyarsa kuwa ki bar masa, shi zai san yadda zai shigar mata da ita kafin saƙon ya iso.

Da kin gama da shi, sai ki riga su zuwa wajen sauran jama'a. Saƙo gajere ya isa, ki tura wa dangi da abokan cinikinki da malaman yara: "Assalamu alaikum. Na karɓi rance a wata manhaja, sun kwashi lambobin wayata ba bisa ƙa'ida ba suna tura wa mutane ƙarya a kaina. Ban sa sunan kowa a matsayin mai tsaya min ba. Ina kan warware maganar kuma na kai ƙara. In sun tuntuɓe ku don Allah ku toshe lambar, ku yi haƙuri da damuwar." Za ki sha mamakin yawan waɗanda za su amsa miki da cewa su ma an taɓa yi musu, ko an yi wa ɗan'uwansu. Wasu za su yi gulma, wannan babu makawa, amma ta kwana kaɗan ce.

Kada ki ɗauka duk wannan yana nufin bashin ya faɗi. Zaluncinsu bai halatta miki kuɗinsu ba. Ayar da ta yi maganar tuba daga riba a Suratul Baƙara ta ce uwar kuɗin ta mai ita ce, ba ku zalunta ba, ba a zalunce ku ba, ayar da ke bi mata kuma ta umarci mai bin bashi ya saurara wa wanda yake cikin ƙunci har ya samu sauƙi. Uwar kuɗin da ta shigo hannunki amana ce a wuyanki. Ki nemi gafarar Allah a kan shiga bashin ruwa, ki kuma zauna da malamin da kika yarda da shi a kan abin da ya hau kai. A ɓangaren dokar ƙasa kuwa, kamfani mai rajista zai iya neman ruwan da kika amince da shi tun farko, shi ya sa hanyar da ta fi ita ce sulhu a rubuce.

Ki ware kowace manhaja daban, don lissafin dunƙule zai ruɗe ki; mai yiwuwa wata kin riga kin biya ta fiye da abin da ta ba ki, wata kuma ba ki taɓa ta ba. Ki duba ko sunanta yana cikin jerin FCCPC. Ki rubuta wa kowace ta adireshin imel ɗin kamfanin, ba ta lambar mai zagi ba: ga abin da na karɓa, ga abin da na biya, ga abin da zan iya bayarwa duk mako, ina neman a cire tarar jinkiri, a daina tuntuɓar mutanena. Ki biya ta cikin manhajar ko asusun da ke ɗauke da sunan kamfanin kawai, ki ajiye rasit, in kin gama ki nemi shaidar an rufe bashin. Da yawa sukan karɓi ƙasa da abin da suke iƙirari in sun ga tsoro ya daina aiki. Daga yau kuma babu manhaja ta biyar, ko da sun turo miki cewa an ƙara miki adadin da za ki iya ci. In kuɗi suka faɗo asusunki ba ki nema ba, wanda shi ma suna yi, kada ki taɓa su, ki rubuta musu nan take su ba ki asusun kamfani ki mayar.

Inda kuɗin za su fito yana cikin wasiƙarki, ko da yake kin wuce shi da sauri: matan da suka sa atamfarki ranar Sallah ba su biya ba. Kunyar tambayar haƙƙinki ce ta kai ki hannun marasa kunya. Ki buɗe littafinki ki bi su ɗaya bayan ɗaya, da sallama da mutunci, ki ce kina cikin matsi, ki yanka rana da kowace, ko rabi ne ta kawo. Ke da kika ɗanɗana tozarci kada ki ɗora sunan kowa a waya. Wadda take da hali ta ƙi, akwai Hisbah a Sharaɗa da ofisoshinta na ƙananan hukumomi inda ake sulhunta irin wannan, akwai kuma kotun ƙananan ƙararrakin kuɗi da Kano ta buɗe tun 2019, wadda ba sai da lauya ba. Uwar adashi ma ki same ta ki faɗa mata gaskiya, ki roƙi a matso miki da kwasarki in zai yiwu.

Sarƙar kuwa, in bayan kun zauna da maigidan kun ga ita ce mafita, a sayar da ita da saninsa, a kai wa mai awo biyu ko uku kafin a sallama, kuɗin kuma su tafi asusun kamfani bayan an amince da adadi a rubuce. Ki sake rubuto min bayan Juma'a da lissafin manhajojin huɗu daban-daban, in taya ki duba wadda za a fara biya. Allah Ya yaye miki, Ya rufa asiri.